Inna Ma'u da Tsofaffin Kondansa

A unguwarmu nan Gummi, in baƙo ya tambayi gidan mai gyaran rediyo, zauren Malam Junaidu ake nuna masa. Amma in ya yi sallama ya shiga, mace zai tarar a kan tabarma, ta ɗora tabarau a kan hanci, da ƙarfen narka dalma a hannu. Malam Junaidu yana gefe a kan buzu, ya jingina da bango, ya karkata kunne wajenta. Matarsa ce Asma'u, wadda kowa ke kira Inna Ma'u. Ta haura shekara hamsin, kuma ba da wannan aikin ta tashi ba.

'Yar Gwashi ce, ta ƙasar Bukkuyum. Mahaifinta manomi ne mai 'yan shanu kaɗan, gonarsa gero da dawa, sai ɗan fegin shinkafa a bakin fadama. Tun tana ƙarama aka san ta da hannu mai kyau. Kakarta ce ta koya mata ɗinkin hula, kuma ana cewa in Ma'u ta jera zare, sai ka duba da kyau kafin ka gane inda ta ɗaura wani a kan wani. Ba ta yi boko ba sai allo, amma daga baya ta shiga makarantar yaƙi da jahilci ta matan aure, ta iya karanta lambobi da rubuta sunanta. Da aka kawo ta Gummi gidan Junaidu, da allurarta da zarenta ta zo, kuma da su ta taimaka wajen rainon 'ya'yansu biyu, Surajo da Basma.

A wancan lokacin Junaidu yana cikin ƙarfinsa. A Sakkwato ya koyo gyara, ya dawo ya kafa rumfa kusa da tashar mota. Zamanin kaset ne, kowane gida da rediyo, kowane mai shayi da rikoda. Ranar kasuwa har layi ake yi a gabansa, Fulani da masunta da direbobi. Ma'u ba ta taɓa zuwa rumfar ba, abin da ta sani kawai shi ne mijinta yana dawowa da warin ƙonannen abu a rigarsa, da 'yan guntayen waya a aljihu waɗanda take tsincewa kafin wanki.

Wata shekara wani ɗan kasuwa a Sakkwato da zai bar sana'ar kayan rediyo ya sallama wa Junaidu kwali guda na kondansa. Kondansa ɗan ƙaramin abu ne mai kama da gwangwani, wata ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, wata ta kai rabin batirin tocila, da ƙafafu biyu na waya a gindinta. Aikinta ta riƙe wuta ta riƙa sakinta daidai, don sauti ya fita sumul. A cikinta akwai takarda a naɗe, jiƙe da wani irin ruwa. In ruwan nan ya bushe, rediyo sai ya fara gurnani, ko muryarsa ta shaƙe, ko ya yi shiru gaba ɗaya. Kwalin ya yi wa rumfa yawa, sai Junaidu ya zuba rabi a akwatin katako a can, ya kawo rabi gida ya ce a adana masa. Ma'u ta juye su a wata tsohuwar kwalla mai murfi, ta tura ta bayan randa a ɗakinta na ƙasa, ta manta da ita.

Abu biyu suka haɗu suka rufe rumfar. Na farko wayar hannu, wadda ta zo ta kwashe masu sauraron kaset. Na biyu idon Junaidu. A hankali ganinsa ya riƙa tsukewa daga gefe, har da aka je asibitin ido aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare ragowar da magani. Ragowar ma ba ta daɗe ba. Ya koma yana bambanta haske da duhu kawai. Aka kwaso akwatinsa aka ajiye a wani ɗan shago mai rufin kwano a bayan gida, inda rana ke dukansa tun hantsi har la'asar. Junaidu bai cika ƙorafi ba, yana zuwa masallaci da sanda, yana zama a zaure ana hira. Amma Ma'u ta lura hannuwansa ba sa zama wuri ɗaya, kullum yana murza bakin tabarma ko yana jujjuya carbi ba tare da yana ja ba.

Haka aka zauna har ƙarshen daminar shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Gari ya wayi kowa da waya a hannu ba ta da amfani sai haska hanya. Ba ka jin ɗan'uwanka na Anka, ba ka jin na Gusau. Wanda ke son sanin halin da duniya ke ciki sai ya nemi rediyo. Nan fa mutane suka shiga ƙarƙashin gadaje da bayan buhuna suna zaƙulo tsofaffin akwatunan da suka yi shekaru a ajiye. Wasu suka tashi da an sa batir, da yawa kuma suka ƙi.

Wanda ya fara zuwa shi ne Lado, wani masunci abokin Junaidu tun ƙuruciya. Ya shigo zaure da wani baƙin rediyo mai rigar fata, ya ajiye a cinyar Junaidu ya kunna. Rediyon ya yi ta fat-fat-fat kamar injin ban ruwa, muryar mai labarai tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya.

Junaidu ya saurara kaɗan ya ce, "Kondansa ta. Babbar ta kusa da sifika ta bushe."

"To, a gyara mana," in ji Lado.

"Da wane ido, Lado? Ka tahi da abinka."

Ma'u tana soro na ciki tana tsince shinkafa, ta ji su. Bayan Lado ya fita ya bar rediyon da gangan, ta leƙo ta ce, "Malam, wanga aiki ya fi zura zare a allura wuya?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai. Wuta ce fa, ba zare ba."

"Wuta kullum da ita nake kwana nake tashi. Kai ka faɗi, ni in yi."

Washegari da hantsi sai ya ce a ɗauko masa akwatinsa.

Kafin ta taɓa komai Ma'u ta kafa sharaɗi guda. Tana da 'yar'uwa da ke aure a Yargalma, kuma ba ta manta da shekarar da gubar dalma ta shiga gidajen garin ta taɓa yara ba. Ta ce ba za a narka dalma a tsakar gidanta ba, inda ake girki jikoki suna rarrafe. Aiki a zaure, ƙofa a buɗe, tabarmar aiki dabam, kuma duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai loma. Junaidu ya ce shi shekara da shekaru yana yi bai mutu ba. Ta ce ai shi ba jariri ba ne. Har yau a kan wannan sharaɗin suke.

Ta hura gawayi a kasko, ta sa ƙarfen a ciki ya yi zafi. Ya sa ta fara gwadawa a kan wani mataccen allon rediyo, ta cire abu ta mayar, ta cire ta mayar. Yana bin kowane liƙi da ɗan yatsa bayan ya huce. Na farko ya ce ta tula dalma kamar tana yaɓen rumbu. Kafin azahar ya shafa wani ya ce, "Wanga ya fi nawa tsabta." Ya nuna mata cewa ƙafafun kondansa ba ɗaya ba ne, akwai doguwa akwai gajera, kuma gefen gajerar akwai zane a jikin gwangwanin, in aka juya su an yi ɓarna. Ya nuna mata lambar da ke faɗin iyakar ƙarfin wutar da kowace ke iya ɗauka.

Daga akwatin shago suka ɗauki ta farko. A ido lafiyarta lau, ko ƙura ba ta shiga ledarta ba. Ma'u ta liƙa ta a rediyon Lado, aka kunna, fat-fat ɗin nan yana nan yadda yake. Suka sa wata, haka. Junaidu ya karɓi ɗaya ya girgiza a kusa da kunne, ya auna ta a tafin hannu, ya ce, "Babu nauyi. Zafin kwano ya shanye su tun suna cikin leda." Ya ajiye ta a hankali. Da wannan akwatin ya dogara, kuma ga shi babu kasuwa, zuwa Sakkwato a sawo sabuwa ma ba sauƙi.

Sai a lokacin Ma'u ta tuna da kwallar bayan randa. Ta jawo ta, ta share yanar gizo, ta buɗe. Ƙasan wurin kullum a sanyaye yake saboda randa, murfin kuma ya kama gam, damshi bai shiga ba. Junaidu ya zura hannu ya damƙo, ya ce, "Allahu akbar. Waɗanga suna da rai." Ta zaɓi mai lamba daidai ta liƙa. Da aka kunna, muryar mai labarai ta fito tar, har maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambayar wace tasha ce. Da Lado ya zo karɓa, ya tsaya yana kallon Ma'u, ya ce wa Junaidu, "Ashe kai ne ka ɓoye mana babban makaniki a cikin gida." Da yamma ya aiko da ƙwarya cike da kifin karfasa.

Labari ya bazu. Rediyo suka fara taruwa a zaure, kowanne da ƙyalle a ɗaure a hannunsa don a gane mai shi. Ma'u ta saki jiki, ta ɗauka duk abin da ya fito daga kwalla lafiyayye ne. Sai ranar da Modibbo, limamin wani ƙaramin masallaci a bayan gari, ya kawo na'urar lasifikarsa wadda ke aiki da batirin sola. Ita tana cin wuta fiye da rediyon hannu nesa ba kusa ba. Ma'u ta cire tsohuwar kondansa wadda kanta ya kumbura, ta ɗauko wata babba daga kwalla, ta duba ƙafafu, ta liƙa daidai, ta jona batir. Ba a jima ba aka ji tau! kamar an fasa leda. Farin hayaƙi ya tashi, guntayen takarda kamar auduga suka watsu a mayafinta, wari mai kama da na ruɓaɓɓen kifi ya cika zaure.

Ta yi baya tana salati. Junaidu ya miƙo hannu yana laluben fuskarta, "Idonki? Ma'u, idonki?"

"Lafiya lau. Tabarau ya tare."

Modibbo kuwa tuni ya kai bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Da aka tabbatar ba wanda ya ji ciwo, shi ya fara dariya, suka bi shi.

Ma'u ta rantse ba ta juya ƙafa ba. Junaidu ya ce ya yarda, ba nan matsalar take ba. Ya ce maigidansa na Sakkwato ya taɓa gaya masa, kondansar da ta daɗe ba ta ga wuta ba, ko da ruwanta bai bushe ba, akwai wata siririyar fata a cikinta da ke raba ɓangarorin biyu, kuma zama yana cinye ta. In ka sakar mata wuta mai ƙarfi gaba ɗaya, sai wutar ta ratsa ta wuce, ta yi zafi ta fashe. Amma in ka ba ta kaɗan-kaɗan, fatar tana sake ginuwa da kanta. Ya ce shi a zamaninsa bai taɓa buƙatar yin haka ba, don kayan ba sa kwana a hannunsa, shi ya sa ya sha'afa.

Suka haɗa abin gwajinsu da abin da ke gida. Katako guda, batiran tocila, ƙwan fitila ƙarami, da tsohuwar mitarsa mai allura. Kowace kondansa sai Ma'u ta fara dubawa da ido: in kanta ya kumbura, ko akwai farin gari ko tsatsa a gindin ƙafafun, ta tafi kwandon shara. Wadda ta tsallake sai a jona ta da batiran tocila ta bayan ƙwan fitilar, don in ta zuƙi wuta da yawa ƙwan ya tare. A bar ta ta sha na ɗan lokaci, a ƙara batir, a sake barinta, daga ƙarshe a kai ta batirin sola in lambarta ta yarda. Junaidu yana riƙe da ita tsakanin yatsu, in ta fara ɗumi ya ce a cire. Ma'u kuma tana kallon mita.

"Allura ta tashi, Malam."

"Ta dawo?"

"Tana dawowa a hankali. Ta koma gida."

"To wagga ta farka. Sa ta a faifan dama."

In kuwa allura ta tsaya a tsakiya ta ƙi komawa, sai a sake ba ta lokaci. Wasu sukan gyaru, wasu ko an wuni ba sa canzawa. Waɗanda allura ba ta ko motsa musu ba, busassu ne. Da suka gama bin kwallar, wajen kashi biyu cikin uku suka samu masu amfani. Na akwatin shago ma sun bi su ɗaya bayan ɗaya don kada a zubar da mai rai, suka tsinci 'yan kaɗan daga can ƙasan akwatin, yawanci manya. Ƙananan su suka fi saurin bushewa. Lasifikar Modibbo ta tashi da kondansar da ta yi wuni tana shan wuta kaɗan-kaɗan, kuma da la'asar ɗin ranar aka ji kiran sallarsa har bakin gulbi.

Ba duka aikin ne ya yi kyau ba. Rediyon wata maƙwabciya, Hafiza, ya dawo bayan 'yan makonni da gurnaninsa, kondansar da ta ci gwaji ta mutu a bakin aiki. Ma'u ta canza mata wata, kuma daga ranar duk wanda aka sa wa tsohuwa sai ta gaya masa gaskiya: tsohuwa ce, an tashe ta, tana iya yin shekaru tana iya yin wata guda, in ta gaza a dawo. Mutane ba su damu ba. Wasu da kuɗi suke biya, wasu da tiyar shinkafa, wata Bafulatana kuma da man shanu.

Su kansu a watannin nan ba su da labarin 'ya'yansu sai ta bakin direbobi. Basma tana aure a Sakkwato da tsohon ciki, Ma'u tana aiki hankalinta yana can. Wata safiya wani direba ya tsaya a ƙofar gida ya ce mijin Basma ya tare shi a tasha, an sauka lafiya, an samu mace. Ma'u ta ajiye ƙarfe ta yi guɗa a zaure a gaban masu jiran gyara, abin da ba ta taɓa yi ba. Ranar ba a ƙara liƙa komai ba, aka dama fura aka raba wa duk wanda ya shigo.

Da aka maido da layukan waya, aikin ya ragu sosai, kamar yadda suka zata. Rediyo da yawa sun koma ƙarƙashin gado. Amma zauren bai mutu ba. Mata sun gano akwai inda za su kai fitilar sola da tocila da ƙaramin rediyo mai katin karatu ba tare da sun aiki kowa kasuwa ba, su zauna su yi hira da 'yar'uwarsu ana gyarawa. Surajo, wanda ke sayar da shinkafa tsakanin Gummi da Sakkwato, yana kawo mata sababbin kondansa da dalma, har ya sawo mata ƙarfe mai aiki da batir, ta huta da hura gawayi. In abu na mai ciwo ne ko na masallaci, sabuwa take sa wa. Sauran kuwa tana tambayar mai kaya wadda yake so. Sababbin ma ba ta barinsu a shagon kwano, ɗakin ƙasa take kai su, kuma in sun shekara ba a taɓa su ba sai sun bi ta kan katakon gwaji.

Na taɓa tambayar Malam Junaidu shekara nawa kondansa ke yi a ajiye kafin ta lalace. Ya ce masu yin ta sukan ce 'yan shekaru kaɗan, kuma ba ƙarya suka yi ba, don wanda zai sa ta a babban inji ba ya son caca. Amma shi abin da hannunsa ya taɓa, ya ga ta shekara ashirin da ta tashi, ya ga wadda ba ta kai rabin haka ba ta bushe ƙamas. Ya ce ka tambayi inda ta kwana kafin ka tambayi shekarunta, sannan ka gwada, kada ka yarda da kyan fuskarta. Inna Ma'u ta ce daga inda take, "Kuma ka sa tabarau."

Ɗinkin hula bai bar hannunta ba, sai dai yanzu na jikoki kawai take yi. Junaidu ya yi ƙiba kaɗan, ya koma mai yawan zolaya. Da safe bayan ya karya, shi ke fara cewa a shimfiɗa tabarmar aiki ko da babu abin gyara, ya ce a kawo mitar a goge ta.

Ranar da na je na ƙarshe, na tarar suna gardama. Za a yi bikin 'yar ƙanen Ma'u a Gwashi bayan an yanke shinkafa, ta ce in hanya ta yi kyau mako guda za ta yi. Junaidu ya ce mako ya yi yawa, ga fitilun mutane a jere.

"Su jira," ta ce. "Ni ma ina da dangi."

"To ni in zauna in yi mi?"

"Ka shirya mu tahi tare. Rabonka da Gwashi tun sunan Surajo."

Ya shafa gemu, sannan ya tambaya ko har yanzu matar ƙanen nata tana yin tuwon dawa da miyar kukan nan mai daddawa. Ta ce tana yi. Ya ce to a wanke masa farar rigarsa.